Rigar Haraji

Sana'ata ta gaskiya fata da ƙirgi ce. A ka na fara ɗauko su daga ƙauyukan wajen Miri zuwa cikin garin Bauchi, ina tafe ƙudaje na yi mini rakiya, har Allah ya sa na sayi jaki, daga jaki na kama rumfa kusa da kasuwar Wunti, daga rumfa na koma shago mai ƙyauren ƙarfe. Ita ce ta ciyar da ni da iyalina. Amma ina da wata sana'a ta biyu da ban koya a wurin kowa ba, ba ta kuma taɓa kawo mini komai ba sai goro da girma: shirya mutane su tari masu yanka haraji. A cikinta na yi suna, a cikinta kuma na sha kunyar da har yau in na tuna sai in kama dariya ni kaɗai.

A wancan zamani jimla ake ɗora wa unguwa daga sama. Bayan kaka mai unguwa zai tara dattawa da malamin haraji, su bi gida gida, su yanka wa kowane magidanci gwargwadon ƙarfinsa. Ba a tambayar mutum abin da ya samu a shekara, da an tambaya ma ba mai faɗa. Ido ne ma'auni. A dubi rufin ɗakinka, ciyawa ce ko kwano. A leƙa zaurenka, ko akwai basukur, wato keken hawa, a jingine. A dubi rigar da ke wuyanka. In kuwa aka jiyo garmaho na waƙa daga cikin gidanka, to sai dai haƙuri.

Ni dillali ne, sanin yadda ido ke yanke hukunci shi ne abincina. Na san yadda ake shimfiɗa fata ta yadda mai saye ba zai fara da wurin da wuƙa ta huda ba. Sai na ga ai dabarar da ake ɗaga darajar fata da ita, in aka juya ta, za ta sauke ta mutum. Na gwada a kaina, ta yi. Maƙwabta suka lura, suka fara zuwa neman shawara, kafin wani lokaci rabin 'yan kasuwar Wunti ba sa tarar mai unguwa sai sun biyo ta shagona.

Ina da ƙa'idodina. Da an fara yankan gero a daina shafen bango. Basukur ya tafi ƙauye hutu. Ban da turare. Ban da tsayawa gaban mai tsire a bainar jama'a, in kwaɗayi ya matsa a saya a ɓoye a ci a ɗaki. Babbar ƙa'idar kuwa ita ce kada a wuce gona da iri. Mutumin da kowa ya san yana da shago, in ya fito cikin tsumma irin na mahaukaci, an san wasa yake yi. Rigar da ake so ita ce wadda ta ga jiya, mai faci a inda ya dace, wadda ke nuna mai ita ya taɓa samu amma duniya ta ɗan juya masa baya. Irin waɗannan riguna na tara adaka guda, ina ba da aronsu. Matata ce ke wanke su. Takan ce, "Malam, a gidanka kaɗai na ga ana wanke tsumma a ninke a adana kamar kayan Sallah." In ce da ita, "Ki riƙe su da daraja, su ke tsare miki tukunya."

Cikin masu zuwa wurina akwai wani tela da shagonsa ke kallon nawa. Mutumin kudancin Bauchi ne, Kirista, a wurin 'yan mishan ya koyi ɗinki. Da keken ɗinki ɗaya ya shigo gari, tsoho mai ƙara kamar injin niƙa. Hannunsa na da kyau, ba ya kuma saɓa alkawari, abin da ba a cika samu wurin tela ba, don haka a hankali ya ƙara kekuna, ya ɗauko 'yan'uwansa daga gida suna taya shi. Mun shaƙu. Da Kirsimeti zai aiko mana da shinkafa, da Layya in aika masa da cinya. Yakan kira ni Maigida, ni kuwa ban taɓa kiransa da komai ba sai Tela. Burinsa ɗaya, ya sha faɗa mini shi: ya samu kwangilar hukuma ko sau ɗaya ne, ya fita daga sahun masu facin wando. Duk kaka nakan sa a kwashe sababbin kekunansa a kai ƙauyen Inkil, gidan wani abokina Bafillatani da ya zauna can yana noma da kiwo. 'Yan'uwan Tela su bi kekunan, su riƙa ɗinki a bayan rumbu kamar masu buga kuɗin jabu. A shago a bar tsohon nan shi kaɗai.

A shekarar da ake ta shirin karɓar mulkin kai, malamin harajin unguwarmu ya same ni a shago. Tsarana ne, mutum mai sanyin magana, tabaraunsa a ɗaure da zare.

Ya ce, "Maigida, an sauko da sabon tsarin haraji. Za a yi mana kwas a makarantar elemantare bayan la'asar, mu da marubutan masu unguwanni da masu rubuta wa mutane wasiƙa a bakin gidan waya. Na ce a sa da kai, tunda rabin Wunti bakinka suke ji."

Na ce, "Malam, me ya rage a haraji da za a koya mini? In malami suka rasa, su faɗa in zo."

Ya ce, "Zo dai ka ji. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya."

Na ce masa ni makaɗin ma na san shi tun yana koyo.

Duk da haka ranar farko na je, don kada a ce na raina kira. Aka nuna mini benci na yara. Na zauna, gwiwoyina suka kusa taɓa gemuna. Wani babban akawu da aka aiko daga ofishin lardi ya tsaya gaban allo da alli a hannu, ya fara da dalilin da ya sa ake biyan haraji: hanyoyi, rijiyoyi, asibiti. Wannan kuwa na ji shi tun ina ɗaukar fata a ka. Ina cikin hamma sai na hango ta taga motar da ke kwasar mini ƙirgi zuwa Jos ta wuce. Na miƙe, na ɗauki buta a bakin ƙofa kamar mai zuwa kama ruwa, na zagaya bayan aji na ajiye ta, na kama hanyar kasuwa. Ban koma ba. Duk wanda ya tambaye ni abin da aka koyar, sai in ce tsohon tuwo ne aka ɗumama.

Saboda haka da kaka ta yi muka yi yadda muka saba. Kekunan Tela suka tafi Inkil. Ranar da mai unguwa ya zo shagonsa da dattawa, na tsallako titi cikin rigata mai faci, na tsaya a gefe ina girgiza kai. Na ce, "Ranka ya daɗe, bawan Allah nan keke ɗaya gare shi, shi ma ƙafarsa ta karye, da igiya aka ɗaure." Na lura malamin haraji ya dube ni ta saman tabarau. Aka yanka wa Tela na talakan unguwa. Da yamma ya aiko mini da goro fari, na raba a masallaci ina jin kaina.

Ba a daɗe ba hukuma ta yi shela cewa tana neman telan da zai ɗinka kayan 'yan makarantar da za su yi maci ranar mulkin kai. Aiki ne mai yawa, shi ya sa aka fara nema da wuri. Tela ya ɗinka samfuri, riga da gajeren wando, ya goge su da dutsen guga har suna ɗaukar ido, ya tafi ofis. Da hantsi sai ga shi a ƙofar shagona, ko sallama babu.

"Maigida, ka kashe ni."

"Subhanallahi. Zauna mana, Tela."

"Ba zan zauna ba. Sun ga ɗinkina sun yaba. Sai suka ce in kawo takardar haraji. Na miƙa. Akawu ya duba ya ce wannan ta talakan unguwa ce. Wai yanzu masu sana'a da 'yan kasuwa masu ƙarfi an fitar da su daga jimlar unguwa, kowa ana yanka masa nasa shi kaɗai, da takardarsa daban. Wai ba a ba da kwangila sai ga mai irin wannan takarda. Ya ce a wurin hukuma ni mai keke ɗaya ne, gurgu kuma, da me zan ɗinka wa makarantu kaya?"

Na ce, "Yaushe aka yi wannan doka?"

Ya ce, "Ni za ka tambaya? Ba kai ka je makaranta ba?"

Na miƙa masa goro. Bai karɓa ba. Ya ce nan da ƙarshen wata za a rufe karɓar suna, in bai kawo takardar ba wani telan Jos zai ɗauke aikin. Ya tsallaka titi ya zauna gaban tsohon kekensa, bai ko taka shi ba har azahar. Ina kallonsa daga inda nake, na kasa cinikin kirki ranar.

Bayan la'asar na nemi malamin haraji a zaurensa. Ya bar ni na gama zagaye-zagayena, sannan ya ce, "Ai a rana ta biyu aka yi bayanin wannan. Kai kuwa ka fita kama ruwa, har yanzu muna jiran ka dawo. Butar makaranta ma a bayan aji aka tsince ta."

Na ce, "Malam, a bar tone-tone. Akwai gyara ko babu?"

Ya ce, "Akwai wanda ya fi ni sani. Wannan makon ana maimaita kwas ɗin ga marubutan ƙauyuka. Bencinka na nan, ba wanda ya ɗauka."

Na roƙe shi ya faɗa mini a nan, tsakanina da shi, ya ƙi. Ya ce maganar da aka ji a zaure ba ta zama a kai kamar wadda aka ji da ciwon gwiwa.

Haka na koma na naɗe a bencin nan, a tsakiyar marubutan ƙauye waɗanda wasunsu na sha sayen fata a hannun iyayensu. Wannan karon ban ɗauke idona daga allo ba, ko da motar Jos za ta shigo ajin. Abin mamaki, akawun nan ashe ya san aikinsa. Ya bayyana yadda za a riƙa duba kayan sana'ar mutum da yawan masu yi masa aiki, ba rigarsa ba. Da ya faɗi haka na ji kamar adakata aka buɗe a gaban jama'a. A rana ta ƙarshe ya zo kan maganar kai kuka. Ya ce duk wanda bai gamsu da abin da aka yanka masa ba, yana da damar zuwa gaban kwamitin unguwa a sake dubawa, muddin bai bari lokaci ya ƙure ba.

Na ɗaga hannu kamar yadda na ga ana yi.

Na ce, "Malam, wanda aka yanka wa da yawa ke nan. To wanda aka yanka wa kaɗan fa, yana so a ƙara masa?"

Ajin ya fashe da dariya. Wani daga baya ya ce a duba dattijon nan ko rana ta taɓa shi. Akawun ya jira aka yi shiru, ya ce tun da ya fara aiki bai taɓa ganin wanda ya kawo irin wannan kuka ba, amma ba abin da ya hana. Ya ƙara da cewa in na samo mutumin in kawo shi ya gan shi da idonsa.

Daga nan sai na koma dillalina. Shekara da shekaru ina koya wa mutane tsiya, yanzu zan sayar da arziki, kuma wannan ai shi ne aikina na asali. Na aika Inkil aka ɗoro kekunan a kan jakuna, na hana a rufe su da buhu, na sa aka goge su da mai har suna walƙiya. Na ce kada a biyo ta lungu yadda aka saba, a shigo da rana tsaka ta tsakiyar kasuwa, a kuma yi tafiyar a hankali. 'Yan'uwan Tela na biye, kowa da almakashi a hannu da tef a wuya. Mahauta suka bar nama suna kallo. Wata mai fura ta tambaya ko gara ce ake kaiwa.

Shi kuwa Tela, taguwa da gajeren wando ya saba sawa, na ce ba za a je gaban kwamiti a haka ba. Na shiga ɗaki na buɗe ɗaya adakar, wadda ba kowa ya san da ita ba, na fito da babbar rigata aska takwas, fara, wadda ban taɓa sawa a cikin Wunti ba sai in na yi tafiya. Na zura masa, na kafa masa hula, na fesa masa turare. Hannun rigar ya ƙi zama a kafaɗarsa, yana ɗagawa yana zamewa. Ya ce, "Maigida, wannan ai sai da lasin tuƙi." Na ce ya yi shiru ya riƙa tafiya kamar mai bin mutane bashi.

Kwamitin ya zauna a zauren mai unguwa: shi, da dattawa biyu, da malamin haraji. Jakuna na tsaye a ƙofa, jama'a sun cika titi. Muka tuɓe takalma muka durƙusa. Na gyara murya na ce mun zo kai kuka, an zalunci Tela, an yanka masa abin da bai kai darajarsa ba.

Mai unguwa tsoho ne mai son raha, ya san kowa a Wunti tun daga kakanni. Ya leƙa waje ya dubi jakunan, ya dawo da kallonsa kaina.

Ya ce, "Dillali, ba kai ne ka tsaya gabana kwanan nan ka ce keke ɗaya gare shi, ƙafarsa ma a karye ba?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ya warke."

"Ya warke."

"Har ya hayayyafa, ranka ya daɗe."

Ɗaya daga cikin dattawan ya ce lallai ruwan Inkil na da albarka, shi ma zai kai akuyarsa. A nan na gane cewa duk shekarun nan da nake tsammanin na rufe musu ido, sun san hanyar da kekunan ke bi, sun san ma bayan rumbun da ake ajiye su. Kara kawai suke yi mana.

Malamin haraji ya fita ya duba kekunan, ya tambayi 'yan'uwan Tela aikin kowa, ya dawo ya ce mutumin nan ya cancanci takardar masu sana'a. Mai unguwa ya amince. Na yunƙura zan yi godiya mu tashi, sai tsohon ya ɗaga hannu.

Ya ce, "Tela, rigar nan ta yi maka kyau. Taka ce?"

Na taka wa Tela ƙafa a ɓoye. Ko dai bai ji ba, ko ya ji ya share.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, Maigida ya ce mini yau ranar faɗin gaskiya ce. Tasa ce. Yana da wasu ma irinta a adaka."

Sai a lokacin na dubi jikina. Saboda sabo, da na ji za a je gaban masu haraji, hannuna da kansa ya ɗauko rigata mai faci na saka, ban ko lura ba. Ga ni durƙushe cikin tsumma, ina shaidar arzikin mutumin da ke sanye da aska takwas ɗina.

Mai unguwa ya ce, "Ikon Allah. Talaka ya ba attajiri aron riga. Malam, mutumin da ke da irin wannan har ya ba da aro, a wane sahu sabon tsarinku ya sa shi?"

Malamin haraji ya gyara tabarau ya ce, "Ranka ya daɗe, ba a duba riga yanzu. Amma tunda ga shi ya kawo kansa, sai mu je mu duba shagon. Ya halarci kwas, ya san ƙa'ida."

Suka je kuwa, a ranar. Suka ga ƙirgi har rufi, suka ga sikeli, suka ga basukur ɗin da na dawo da shi daga hutu da wuri. Mutum ɗaya na kai a ƙara masa haraji, aka ƙara wa biyu, nawa kuma ya fi nasa nauyi nesa ba kusa ba. Da na shiga gida matata ta riga ta ji labari, don a Wunti labari ba ya jiran mai shi. Ta ajiye mini tuwo, sannan ta tambaya ko yanzu an sallami tsummokin, tana neman abin cusa wa matashin kai.

Tela ya kai sabuwar takardarsa kafin a rufe, ya samu aikin. Watanni kekunan nan suna kuka a shagon da ke kallon nawa, duka a fili, ƙofa a buɗe. Ranar mulkin kai na je fili na tsaya cikin jama'a, sanye da aska takwas, tunda ba sauran abin ɓoyewa. Yara suka wuce sahu sahu cikin kayan da ya ɗinka, ba wandon da ya yage ko ɗaya. Tela ya matso kusa da ni ya ce, "Maigida, rigar ta fi zama a jikinka." Na ce ai dole, na biya kuɗinta sau biyu.

Daga baya, da aka ce sayen fata mai yawa ma sai da lasin, lasin kuma sai da irin takardar nan, ni na riga kowa samu a layinmu. Na bar mutane suka ɗauka hangen nesa ne. Masu neman shawara ba su daina zuwa ba, sai dai yanzu kafin in buɗe baki nakan tabbata na ji abin da aka sauya a shekarar. Duk lokacin da aka kira kwas, ni ne na farkon isa. Kujerata kawai nake ɗauka daga gida, kuma nakan yi alwala tun kafin in fito.